Matambayi Ba Ya Ɓata: Waƙoƙin katun ɗin Japan da suka cika wayoyin yaranmu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka taru min yawanci a kan abu ɗaya suke, waƙoƙin nan na Japan da ake sakawa a farkon anime, daga iyaye masu ƙorafi sai samari masu musu, sai nace toh bari in haɗa su wuri guda a yi ta ta ƙare. Waɗanda suka turo tambaya a kan batirin sola ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam ɗana. Ni uwa ce mai yara biyar, autana shekararsa 14, yanzu ko wanka ya shiga sai kaji yana ta rera wani yare kamar mai sambatu, na tambaye shi yace wai waƙar Japan ce ta katun. Har ƙarar kiran wayar yayansa ya canza ya saka ta. Ni tsorona kar ace zagi ne ko wani abun saɓo yake ta maimaitawa bai sani ba. Su waye ke yin waƙoƙin nan, kuma me suke cewa a ciki?
Daga Maman Auta, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Mama, Allah ya raya mana su ya shirya. Ki kwantar da hankalinki tukunna, ba sambatu bane Japananci ne, sai dai nasan da wuya in shi kanshi yasan abun da yake faɗa, nima haka nayi shekaru ina rera wata waƙar ashe duk kalmomin a karkace nake furta su.

Katun ɗin Japan shi ake kira anime, kuma kowane shiri yana da waƙar buɗewa da waƙar rufewa, kowacce kamar minti ɗaya da rabi, ana canza su duk bayan kashi 12 ko 13, wani lokacin 25. Abun da mutane da yawa basu sani ba shine masu yin waƙoƙin nan ba wasu masu wasan yara bane, manyan mawaƙan ƙasar ne, irin su King Gnu da Official Hige Dandism da Mrs. Green Apple, ƙungiyoyi ne da suke cika filin ƙwallo da 'yan kallo, kuma ana gayyatarsu babban shirin waƙa na gidan talabijin ɗin NHK da ake yi duk daren 31 ga Disamba, wanda a can in an kira ka to ka isa.

Maganar abun da suke cewa kuma, mafi yawa dai juriya ce da abota da kewar wanda ya rasu da kar ka sare, misali waƙar Gurenge da mawaƙiya LiSA tayi wa shirin Demon Slayer a 2019, wadda ina kyautata zaton tana cikin waɗanda Auta ke rerawa don babu yaron da bai santa ba, magana ce ta mutum ya yi ƙarfi saboda waɗanda yake son karewa. Amma bazan yi miki ƙarya ince duka haka suke ba. Akwai wata shahararriyar waƙa ta ƙungiyar YOASOBI mai suna Yoru ni Kakeru, ita ba ta anime bace amma duk mai jin waɗannan yana jinta, kiɗanta da daɗi kamar na biki, alhali labarin da aka gina ta a kai na kashe kai ne, har YouTube sai da ya sa wa bidiyon iyakar shekaru. Kinga kenan daɗin kiɗa baya nuna abun da ke ciki.

Ni a ganina ma ba waƙar ce abun dubawa ba, shirin ne. Mu nan da anga zane sai ace ai katun ne na yara, toh a Japan ba haka bane, irin su Attack on Titan da Tokyo Ghoul da Chainsaw Man can ma sai tsakar dare ake nuna su saboda jini da sare-sare, wasu kuma akwai shigar da bata dace ba. Ki ce ya faɗa miki sunan waƙar da sunan shirin, ki sa yayan ya nemo fassarar ya karanta miki, in da hali ki zauna ku kalli kashi ɗaya tare, minti 24 ne kacal, daga nan ke da kanki zaki yanke hukunci. Hukuncin jin kiɗa a addini kuwa wannan na malamai ne Mama, ba fagena bane.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Ina da ɗan shago ina tura finafinai da waƙoƙi a waya da memori. Yara sai su zo suce in tura musu waƙar Naruto, in na tura suce ba ita ba wata ce, rannan saura kaɗan mu yi faɗa da wani yaro a kan naira 200. Dan Allah wai waƙar Naruton nan guda nawa ce ne?
Daga Mai tura-tura, Kano

AMSA: Hhhh ƙanena ai dole ku yi faɗa. Waƙoƙin buɗewa kaɗai 29 ne, 9 a Naruto na farko wanda aka fara a 2002 mai kashi 220, sai 20 a ci gabansa Shippuden mai kashi 500 da ya ƙare a 2017, ban ma lissafa na rufewa ba waɗanda sun fi haka yawa. Amma kar ka tsorata, waɗanda ake zuwa nema basu wuce biyar ba, ga dabara, in yaro ya zo ka tambaye shi muryar mace ce ko ta namiji. In yace mace ce toh kusan kullum Blue Bird ce ta ƙungiyar Ikimonogakari, ta 2008. In yace namiji ne kuma ga gita tana gudu kamar an biyo ta, gwada mishi Silhouette ta KANA-BOON ta 2014, in ya girgiza kai ka sa mishi Sign ko GO!!! na FLOW, in kuma ɗan gemu-gemu ne wanda ya haura talatin to Haruka Kanata yake nema ta Asian Kung-Fu Generation, mu ne 'yan wannan zamanin.

Ka tuna min da lokacin da muke sayen faifan nan na DVD mai cin kashi talatin a guda ɗaya, hoto duk ya dushe, fassarar Turancin ƙasa kuma kamar wanda aka rubuta cikin barci, ga ɗan ƙaramin janareto da muke karo-karon kuɗin lita ɗaya mu zuba mishi. Ƙanina shi ke riƙe rimot, lissafinsa shine in muka tsallake waƙar buɗewa da ta rufewa a kowane kashi mun tsira da minti uku, kashi takwas kenan mun samu kashi ɗaya kyauta kafin mai ya ƙare, kuma wallahi lissafinsa daidai ne, amma da Haruka Kanata ta taso da wannan gurnanin gitar bes ɗin na farko sai in danne mishi hannu, haka zamu yi ta kokawa a kan tabarma har waƙar ta ƙare da kanta. Kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa sanin sunan masu waƙar ba sai da na girma na fara shiga intanet, a wurina sunanta waƙar Naruto ta biyu, shikenan.

Wannan shine ainihin yadda abun yake a wajen Japan, waƙar ce ke yin suna, mawaƙin yana can baya babu mai tambayarsa. Ɗauki Ikimonogakari, mu nan Blue Bird kawai muka sani, amma a gida tsofaffi da matan aure sun san su ne da wata waƙa Arigatou da suka yi wa wasan kwaikwayon safe na NHK a 2010, babu ruwanta da ninja. Sunan nasu ma abun dariya ne, ma'anarsa ɗaliban da ake ɗora wa kula da dabbobin aji, don maza biyun da suka kafa ƙungiyar a 1999 su ne masu ba kifin ajinsu abinci a firamare. Asian Kung-Fu Generation kuma a jami'a suka haɗu a Yokohama a 1996, sun yi albam da yawa da ba su da alaƙa da anime ko kaɗan. FLOW ne kawai zance sun rungumi abun hannu bibbiyu, har ƙasashen Latin Amurka suke zuwa wasa saboda masoya Naruto, ɗaki ya cika da mutanen da ba sa jin Japananci amma suna amsa waƙa baiti-baiti.

Ka buɗe folda ɗaya ka sa mata suna, ka jera biyar ɗin nan. Maganar ko mawaƙan suna samun ko sisi daga memorin da kake turawa kuwa, wannan mu bar ta sai wata rana kar mu ɓata.

TAMBAYA: Sannu da ƙoƙari Yaya. Ni ɗaliba ce kuma ina ɗan taɓa rubuta waƙa. Abun da ke bani mamaki shine waƙoƙin anime ko ba ka jin yaren sai sun maƙale maka a kai, kuma da sauri suke kai wa amshi ba kamar sauran waƙoƙi ba. Sannan me yasa manyan mawaƙa suke yarda su yi wa katun waƙa, ba raini bane a wurinsu?
Daga wata ɗaliba, Maraɗi

AMSA: Ƙanwata wannan tambayar taki ita tafi min daɗi duk cikinsu, don haka ki gyara zama.

Farko dai akwai sakan 89. Gurbin da talabijin ke ba waƙar buɗewa sakan 90 ne, ana barin ɗan shiru a farko da ƙarshe, sai ya rage 89, kuma a cikin wannan ɗan lokacin dole mawaƙi ya cusa shimfiɗa da baiti da hawa da amshi, su suna kiran amshin sabi, shine inda waƙar ke fashewa. Babu lokacin jan rai, shi yasa kika ji suna gudu kamar ana binsu bashi, wasu ma da amshin suke buɗewa kai tsaye. Yanzu ki haɗa wannan da cewa duk sati sai kin ji ta sau ɗaya har wata uku ko shida, kuma ba jinta kawai kike ba, kina ganin jaruman da kike so suna gudu suna faɗa an yanka hoton daidai da bugun ganga, ranar da aka kashe wanda kike so a shirin ma ita aka sa miki a farko. Toh ina waƙa zata je in ba cikin kai ba? Ko tallan omo aka yi wa wannan gatan sai kin haddace shi.

Maganar raini kuma, da can kam akwai shi. Tun Astro Boy na 1963, wanda wani babban marubucin waƙoƙi Shuntaro Tanikawa ya rubuta wa baitoci, har zuwa shekarun 1970, waƙar anime kirari ce kawai, a kira sunan jarumi a kira sunan makaminsa a ce ya tashi ya buge maƙiya, kamar dai yadda makaɗi ke zuga ɗan dambe kafin ya shiga fili. Akwai mutanen da sana'arsu kenan, babbansu Ichiro Mizuki wanda ya yi ta Mazinger Z a 1972, ya rasu a Disambar 2022, kuma a lokacin ana musu kallon masu waƙar yara ne, ba a haɗa su da mawaƙan gaske. Abun ya fara juyawa a 1983 da wata mawaƙiya Anri tayi waƙar Cat's Eye ta hau lamba ɗaya a jadawalin Oricon, wato ma'aunin cinikin waƙa na ƙasar, sai 1987 TM Network suka yi Get Wild wa City Hunter, inda aka zo da wata dabara, kiɗan yana fara shigowa a hankali tun jarumin bai gama maganarsa ta ƙarshe ba sannan a zarce cikin waƙar rufewa, har yau ana kwaikwayon wannan salon.

Daga nan kamfanonin waƙa suka farga cewa ashe ga talla kyauta duk sati. Ki gane yadda ake haɗa kuɗin anime, ba mutum ɗaya ke zubawa ba, kwamiti ake kafawa, kamfanin da ya buga littafin zanen ya kawo nashi, gidan talabijin ya kawo, masu kayan wasan yara su kawo, kamfanin waƙa ma ya kawo, in an samu riba a raba in an faɗi a raba asara. Toh shi kamfanin waƙa ladan kuɗinsa shine gurbin nan na sakan 89, sai ya ɗauko mawaƙin da yake son tallatawa ya saka. A shekarun 1990 abun har ya so ya yi yawa, a Rurouni Kenshin na 1996, labarin mai takobi da ya tuba daga kisa, waƙar buɗewar Sobakasu ce ta Judy and Mary, waƙar wata budurwa da soyayyarta ta watse, babu takobi babu tuba a ciki, amma ta sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya, wa zai yi magana?

In kina son ganin tuwona maina ki dubi Sony. Kamfanin Aniplex da ya shirya Demon Slayer nasu ne, LiSA da tayi waƙar tasu ce, YOASOBI da King Gnu da Creepy Nuts da Kenshi Yonezu duk a ƙarƙashinsu suke, sannan a 2021 suka sayi Crunchyroll, manhajar da duniya ke kallon anime a kai, a kan dala biliyan 1.175. Su yi shirin, su yi waƙar, su kuma mallaki tagar da zaki leƙa ki kalla. Ba duka bane nasu dai, Ado da Mrs. Green Apple na Universal ne, Official Hige Dandism kuma Pony Canyon, amma tsarin ɗaya ne. Mu ma ai ba baƙon abu bane a wurinmu, waɗanda suka san Kannywood lokacin faifai sun san zamanin da waƙa ce ke sayar da fim, bambancin kawai can fim ɗin ne ke ɗaukar waƙar a kafaɗa ya tsallaka da ita teku.

Abun da ya burge ni da 'yan yanzu, kuma ke mai rubutu nan ya kamata ki kula, sun daina irin na Sobakasu, sai sun karanta labarin sannan su rubuta. YOASOBI, wato Ayase mai haɗa kiɗa da Ikura mai rerawa, tun kafuwarsu a 2019 ƙa'idarsu ita ce kowace waƙa daga gajeren labari ake ciro ta, da zasu yi Idol wa Oshi no Ko sai da marubucin shirin Aka Akasaka ya rubuta musu wani ɗan labari na musamman. Wadda tafi kashe ni ita ce Mixed Nuts da Official Hige Dandism suka yi wa Spy x Family a 2022. Shirin labarin iyali ne na bogi, miji ɗan leƙen asiri, mata mai kisan haya, 'ya mai karanta zuciyar mutane, kowa na ɓoye wa kowa, sai mawaƙin ya ɗauko gyaɗa ya gina waƙar a kanta, don a cikin ledar haɗin 'ya'yan itatuwa irin su kashu da almon, gyaɗa ce kaɗai ba a bishiya ta fito ba, a ƙasa aka tono ta, dangin wake ce ta saje da su tayi shiru. Ni jikan manoman gyaɗa sai da wani Bajapane ya nuna min wannan.

TAMBAYA: Malam muna musu da abokina kullum a majalisa, ni nace yanzu waƙoƙin Japan sun wuce na Koriya a duniya saboda anime, shi yace ko kusa. Mun sa kwanon tsire. Ka raba mu.
Daga Na majalisar bakin kasuwa, Jos

AMSA: Abokina ka tanadi kuɗin tsire, amma ka ce ya baka tsinke biyu don kana da 'yar hujja.

Hujjarka ga ta. Idol ta YOASOBI ta hau lamba ɗaya a jadawalin Billboard, wato ma'aunin waƙoƙin da suka fi tashe, na duniya banda Amurka a Yunin 2023, waƙar Japananci ta farko da ta taɓa yin haka, a gida kuma tayi sati 21 a jere tana saman jadawali. Kick Back ta Kenshi Yonezu, ta Chainsaw Man, ita ce waƙar Japananci ta farko da ta samu shaidar zinare ta yawan ciniki a Amurka, a 2023. Bling-Bang-Bang-Born ta Creepy Nuts, 'yan gambara su biyu, wadda aka yi wa zango na biyu na Mashle a farkon 2024, ai ka ga yadda rawarta ta cika TikTok har da waɗanda basu taɓa kallon shirin ba. Fim ɗin Demon Slayer na jirgin ƙasa kuma shi yafi kowane fim kawo kuɗi a duniya a 2020, ko da yake shekarar korona ce sinimomi da yawa a rufe suke, waƙarsa Homura ta LiSA ta ci babbar kyautar waƙa ta Japan a shekarar.

Toh amma ga inda ka faɗi. Babban jadawalin Amurka na Hot 100, waƙar Japananci ɗaya ce tak ta taɓa hawa samansa, ta Kyu Sakamoto da Turawa suka sa wa suna Sukiyaki, kuma a 1963 ne, alhali ƙungiyar BTS ta Koriya daga 2020 sun hau shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kuma kayi gwaji a majalisar taku, ka tambayi 'yanmatan unguwa sunayen 'yan BTS ko Blackpink kaji yadda za a jero maka har da ranar haihuwa, sannan ka tambayi wanda yafi kowa son Jujutsu Kaisen ya faɗa maka sunan mutum ɗaya a cikin huɗun King Gnu da suka yi SPECIALZ. Koriya mutum take sayarwa, fuska da rawa da kwalliya, Japan kuma waƙa ce ke fita a bayan shiri kamar ɗan rakiya.

Dalili kuwa ƙoshi ne. Japan ita ce kasuwar waƙa ta biyu mafi girma a duniya bayan Amurka, mutanenta sun daɗe suna sayen faifan CD bayan kowa ya daina, mawaƙi zai yi arziki bai taɓa yin fasfo ba, shi yasa kamfanoninsu suka yi shekaru suna ƙin sa cikakkun waƙoƙi a YouTube da Spotify, su kuwa 'yan Koriya kasuwarsu ƙarama ce dole su fita nema. Ka dubi Mrs. Green Apple, sun ci babbar kyautar ƙasar a 2023 suka sake ci a 2024, a Tokiyo ko kanti ka shiga su zaka ji, amma a waje in ka cire Inferno ta Fire Force mutum nawa ne zai kawo maka waƙarsu ta biyu? Ko L'Arc-en-Ciel da suka yi wasa a Madison Square Garden na New York a 2012 a matsayin masu gayya, karon farko ga 'yan Japan, Fullmetal Alchemist ne ya share musu hanya a can. Ka biya tsiren.

TAMBAYA: Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ni a Jidda aka haife ni na girma, mu a tashar Spacetoon muka kalli su Conan da Larabci kuma waƙoƙin da Larabci suke. Da na dawo gida naji yara suna jin na Japananci sai naji kiɗan ma ba ɗaya bane. Fassara aka yi mana ko yaya?
Daga 'Yar Jidda, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, kunnenki bai yaudare ki ba, mafi yawansu ba fassara bace, sabbin waƙoƙi aka yi daga tushe. Spacetoon ta fara ne a 2000, kuma aikin juya shirye-shiryen zuwa Larabci a wata cibiya ta birnin Dimashƙa ta Siriya ake yi mai suna Markazuz Zuhra, mutumin da ya tsara yawancin waƙoƙin Tariƙ Al-Arabi Turgan ne, muryar macen nan kuma da kike tunawa a Conan da Al-Ƙannas, wato Hunter x Hunter, Rasha Rizƙ ce. Kafin su ma akwai Sami Clark ɗan Lebanon da ya yi ta Grendizer, wadda iyayen wasu ma sun sani. Larabcin kuma fusha ne tsantsa, wato irin na littafi, shi yasa 'yan'uwanmu na Sudan da Chadi da ma waɗanda suka taso da dish a gida nan Arewa da yawa zasu ce miki a nan suka tsinci Larabcin da ya taimake su a Islamiyya. Faransawa ma haka suka yi, Grendizer ɗin ya koma Goldorak da waƙarsa ta Faransanci. Intanet ce ta zo ta kashe wannan al'adar, yaran yanzu suna kallon shiri ranar da ya fito a Japan da muryoyinsa na asali, shi yasa sunan YOASOBI ya iso Sakkwato alhali na mawaƙan Conan na asali bai taɓa isowa Jidda ba a zamaninku.

TAMBAYA: Yaya wai da gaske ne Ado ba mutum bace kwamfuta ce? Kuma LiSA ta Demon Slayer ita ce Lisa ta Blackpink?
Daga Ƙaramar su, Kumasi

AMSA: Ta biyun dai a'a, Lisa ta Blackpink 'yar Tailan ce, LiSA kuma Bajapaniya ce daga lardin Gifu, ta girme ta da kusan shekara goma, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Ado kuma mutum ce ƙanwata, mace ce ba Ado namu na Adamu ba, an haife ta a Tokiyo a 2002, waƙarta ta farko Usseewa ta fito a Oktoban 2020 ana gobe zata cika 18, sannan ita ce ta rera waƙoƙin jaruma Uta a fim ɗin One Piece Film Red na 2022. Wadda kike ji ana cewa kwamfuta ce Hatsune Miku ce, manhajar murya da wani kamfani a Sapporo ya fitar a 2007, kai ka rubuta kiɗa da kalmomi ita ta rera. Ruɗanin ya samo asali ne don duk gida ɗaya suka fito, Ado ta fara ne da maimaita waƙoƙin wannan manhajar a intanet tana ɗauka a cikin kabad ɗin kayanta, Ayase na YOASOBI da manhajar ya fara, Kenshi Yonezu ma haka da sunan Hachi, kuma a wannan duniyar tasu ɓoye fuska ba wani abun mamaki bane, zane ake sawa a madadin hoto. Ado ta ɗau shekaru a haka, a Afrilun 2024 tayi wasa a babban filin wasa na ƙasa da ke Tokiyo, dubban mutane sun sayi tikiti sun zo, ita kuma tana cikin wani akwati kamar keji an hasko fitila ta bayanta inuwarta kawai ake gani, an hana ɗaukar hoto, har madubin hangen nesa an hana shiga da shi.